Rumfar Motar Kumandan

Dogon Dutsi, watan Safar, shekara ta uku da Nasara suka fara yaƙinsu

Daga Illo ɗan Yaro makaɗi, shofer mai tuƙa mota a bariki, zuwa ga taubashina Sha'ibu baduku, a Gesheme.

Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta Zalihatu da yara. Ka durƙusa mini gaban Inna ka gaishe ta, ka tambaye ta idanun, ko yanar nan ta ƙara rufewa. Ni da matata Kubra lafiyar jiki muna da ita. Malam Abdussalam na bakin kasuwa ne ke rubuta mini, Tukur mai jakan gishiri zai kawo maka.

Kada ka yi murna ka ce ɗan gwaggonka ya tuna da kai. Wuya ce ta tuna mini.

Ka san motar Kumandan, wadda na zo da ita Gesheme bara kuka taru kuna leƙe, har kai da gemunka. Rufinta ba ƙarfe ba ne. Rumfa ce ta ƙyalle a kan haƙarƙarin ƙarfe masu lanƙwasuwa, in rana ta yi zafi a jawo ta gaba a maƙale ta a jikin madubin gaba, in an ga dama a naɗe ta baya. Ƙyallen na Faransa ne, ninki biyu, da ɗanko a tsakani don kada ruwa ya ratsa. An yi shi ne don ƙasar da rana ke da kunya. Tamu ta dafa ɗankon nan har ya bushe, duk inda ake naɗewa ya yi fari ya daddare. Na yi abin da aka hore ni, kullum ina kaɗe shi, ina ajiye motar a inuwa, ban taɓa sa masa sabulu ba. Ran Juma'a na jawo rumfar, sai ta tsage daga wannan gefe zuwa wancan, daidai saman kujerar Madam, matar Kumandan.

Da can sai a buga waya, sabuwa ta zo. Yanzu ko allura ba ta zuwa daga Faransa, iyakar Ingilishi kuma a rufe take, wanda aka kama zai ƙetara sai kaso. Madam tana da ciki, ya tsufa, dole a kai ta wurin likita a Yamai kafin ruwan sama ya ɓata hanya. Matar nan ko tsakar gida ba ta ratsawa sai da laima. Kumandan ya kira ni, ya daɗe yana magana, tafinta ya taƙaita mini: "Mushe Kumandan ya ce in Madam tash sha rana, kai ma ka sha ta inda ƙanenka yash sha ta."

Ka gane inda yake nufi. Aikin hanyar nan ta arewa, bayan Tawa, inda aka kai Mani. Damina huɗu ke nan ko rigarsa ba a maido wa Inna ba. Ana haɗa wani ayarin yanzu, zai tashi kafin shuka. Ni kaɗai na rage wa tsohuwar nan, Sha'ibu, kuma tun ran Juma'ar ban ci abincin kirki ba.

Na gwada tamfol na kamyo, babbar motar kaya. Ruwa ba ya ratsa shi, rana ba ta cinsa da wuri, amma ya yi nauyi, haƙarƙarin suka durƙusa, kuma ba ya naɗuwa sai ka hau ka taka. Na kawo shawarar tabarmar kaba, tafinta ya yi dariya har ya riƙe ciki, bai ma fassara ba.

Saura fata. Ni fatar ganga kaɗai na sani, ita ma a hannun mahaifina na gani. Ku ne kuka gaje ta. Ka faɗa mini gaskiya, fata za ta yi rumfar mota, ta naɗu ta buɗu, ta tare rana? In za ta yi, ka taimake ni. In ba za ta yi ba, ka faɗa mini da wuri in san yadda zan yi ban kwana.

Ka huta lafiya.
Illo

Dogon Dutsi, farkon watan Mauludi

Sha'ibu, ina gaisuwa, a gai da Inna.

Tukur ya je ya dawo, ya sake komawa ya dawo, hannunsa babu komai. Ya rantse mini a hannunka ya sa takardar, ya ce ka karanta ka ninke ka sa aljihu, ka ce masa to. To ɗin me? Wasan taubasantaka ne wannan? In wasa ne ka zaɓi mugun lokaci.

Da na gaji da jira na nemo farin saƙi mai kauri, aka ɗinka, na narka kakin zuma na shafe shi ciki da waje. Da safe ya yi kyau, na watsa masa ruwa ya gangare. Da azahar kakin ya narke ya ɗiɗɗiga a kan kujeru, zuma suka ji ƙamshi suka cika garaji, ɗaya ta harbi kukun Kumandan a fatar ido. Na kwana biyu ina kankare kujera da cokali. Kumandan bai zage ni ba, bai ma dube ni ba, shi ne abin da ya fi tsorata ni.

Jiya na ga mutanen da aka fara tarawa a bayan bariki, daga Kieshe da Sukukutane. Suna zaune a rana. Na wuce su da mota ba rumfa, wani dattijo a cikinsu ya ɗaga mini hannu.

In ka ga ba ruwanka, ka faɗa. Ba zan ce komai ba. Amma uwata a gidanka take cin tuwo, kai za ka riƙa kallon fuskarta.

Illo

Gesheme, tsakiyar watan Mauludi

Daga Sha'ibu, ubangidanka tun kafin a haife ka, zuwa ga Illo mai gajen haƙuri.

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Kubra. Mu nan lafiya, sai zafi da rijiya da ta ja baya. Gwaggo tana amsawa. Idanun sun ƙara rufewa, yanzu haske da duhu kawai take rarrabewa, amma kunnen nan nata yana nan, ko kaza ta taka hatsi ta sani.

Takardarka ta biyu ta ƙona mini rai, na yafe don na san tsoro ne ke magana. Ɗan makaɗi, kai komai sai an yi shi da ƙara? Na yi shiru ne don ba na son in ce maka i ba ni da abin yi. Ka fi ni sanin cewa duk fatar da aka feɗe a ƙasar nan bariki ake kai ta saboda yaƙi. Majemata ta bushe tun kaka. Yawo na shiga, ƙauye ƙauye, ina roƙon mutane abin da suka ɓoye.

Ga amsar tambayarka. Fatar sa ba za ta yi ba, ta fi tamfol ɗinka taurin kai, in ka naɗe ta sau goma za ta karye. Ta tunkiya tana da laushi, amma raguwa ce, shan ruwa take ta yage a bakin ɗinki. Ta akuya ita ce, jar akuya in an samu. In ta sha bagaruwa sosai, aka murza ta, aka ba ta man shanu, tana naɗuwa kamar zane, rana ba ta fasa ta. Na je har zangon wasu makiyaya na zauna da wata tsohuwa mai suna Baturiya, wadda ta zauna da Buzaye ta ga yadda suke ɗinka ɗakinsu na fata. Ta nuna mini yadda ake ɗora baki kan baki don ruwa ya gangare ba ya tsaya ba. Ta ce ɗakin fata yana kai yaro aure in ana ba shi mai. Ƙyallen Faransa damina nawa ya yi maka?

Matsalar yawa ce. A yadda na ga motar nan da idona, abin da na samo bai kai rabi ba.

Yanzu ga abin da ban so in rubuta ba. Na ɓoye wa Gwaggo maganar, amma Zalihatu ta yi suɓutar baki a wurin daka. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta kira ni ta ce in kirawo mahauci. Ka san awakinta, su ne duk abin da ta fito da shi daga gidan mahaifinka, da nononsu take shan fura, da muryarsu take sanin gari ya waye. Na ce mata a jira, na ce zan ƙara yawo. Ta ce: "Ɗaya anka ɗauka ina da ido, ban iya komi ba. Wanga ina da awaki."

An yanka su a bayan gida, a ɓoye, ɗaya bayan ɗaya don kada dogarin sarki ya ji labari. Naman mun raba wa maƙwabta don su riƙe bakinsu. Ita ko romon ba ta taɓa ba. Fatun suna cikin toka yanzu.

Ka ciro tsohon ƙyallen duka, kada ka yanke komai, ka ba Tukur ya kawo in auna a kansa. Kuma ka ci abinci, mota ba ta tuƙuwa da yunwa.

Naka, ko ka so ko ka ƙi,
Sha'ibu

Dogon Dutsi, ƙarshen watan Mauludi

Ɗan'uwana Sha'ibu, gaisuwa da neman gafara.

Ga ƙyallen nan Tukur ya ɗaure a kan jaki. Da Malam ya kai wurin awakin sai na ce ya tsaya, na fita na zaga bayan rumfarsa na daɗe. Da na san haka za a yi da ban rubuta ba. Wace irin haihuwa ce wannan, ɗa yana tuƙa Nasara a kan kujera mai laushi, uwa makauniya tana yanka abin shan furarta don a yi wa matar wani inuwa? Na tsani motar nan, Sha'ibu. Da ina alfahari da ita, in na shigo gari ina danna ƙaho ba dalili. Yanzu in na gan ta kau da kai nake yi.

Na gaya wa Kumandan ana ɗinka rumfar fata, ban faɗi sunanka ba, ban faɗi inda aka samo fatun ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce zai gani. Ƙafafun Madam sun kumbura, ba ta fitowa. Hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, yana watsewa.

Ka gaya wa Inna in Allah ya fid da ni, zan cika mata garken nan ko da zan shekara ina tafiya ba riga.

Illo

Gesheme, watan bayan Mauludi

Zuwa ga Illo, bayan gaisuwa gare ka da iyali. Kowa lafiya. Tukur yana tsaye a kaina yana cewa rana na yi, don haka zan gajarta.

Ga rumfarka. Ban taɓa aikin da ya ci mini ido da yatsu kamar wannan ba, kuma ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba, ko da yake ba a gaban ɗan makaɗi ya kamata in faɗa ba, me ka sani. Duk ɗinkin ninki biyu ne. Gwaggo ce ta murza yawancin fatun da hannunta, tana zaune a inuwar rumbu, har tafinta ya yi ja.

Fatun sun ƙare mini kafin in kai ga bakin da zai riƙe ƙarfe. Sai na sa kiri na ɗanyar fatar sa a kewaye, na naɗe shi a cikin lafi na ɗinke, ba a ganinsa. Ya fi komai ƙarfi, iska ba za ta fizge maka ita a hanya ba.

Ga yadda za ka riƙe ta. Duk sabon wata ka shafa mata man shanu da tsumma, kaɗan, ba irin shafin da kake wa tuwo ba. Ka bar ta ta sha a inuwa, ka goge, warin zai tafi kafin Madam ta shiga. Kada sabulu ya taɓa ta. In ruwan sama ya dake ta a hanya babu laifi, zai gangare, sai dai kada ka naɗe ta sai ta sha iska. Ka riƙa duba garaji saboda ɓera da gara.

Gwaggo ta tofa mata addu'a kafin a ɗaure. Allah ya sa mu ji alheri.

Sha'ibu

Gesheme, washegarin tafiyar Tukur

Illo, ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, kowa lafiya.

Kada ka jiƙa rumfar nan. Ko me ka gani, kada ka jiƙa ta.

Za ka ga ta yi maka yawa, ta saki a tsakiya. Da gangan na yi. Na ƙara yatsu huɗu a kowane gefe a kan tsohon ƙyallen, don fata tana jan jikinta a hankali in ta sha rana, kafin wata guda za ta zauna daidai da kanta. Duk baduku ya san haka, shi ya sa ban ga abin faɗa ba, na manta ba baduku nake rubuta wa ba. Yau da hantsi ina ba Gwaggo labarin yadda na auna, sai ta ajiye ƙoƙon da ke hannunta ta ce: "Ka hwaɗa mai? Ɗan makaɗi na. Ubanai in yag ga hwata ta saki, ruwa yaka ba ta shi shanya."

Nan take na jawo takarda. Kirin da na sa a bakinta ɗanye ne. In ya sha ruwa ya ƙoshi ya shiga rana, zai ja da ƙarfin da ba ka taɓa gani ba, da shi muke ɗaure ƙotar gatari. Ganga itace ce mai kauri, tana iya ɗauka. Ban san abin da ƙarfen motarka zai iya ɗauka ba.

Na ba wani mai zuwa kasuwar Kieshe takardar nan, ya ce zai cim ma Tukur a can. In ta saki, ka roƙi Kumandan ya yi haƙuri da ita. Allah ya sa ta riga ka.

Sha'ibu

Dogon Dutsi, watan bayan Mauludi

Zuwa ga ubangidana Sha'ibu, yau kam na yarda, ubangidana. Gaisuwa gare ka da Zalihatu da yara, da gaisuwa ta musamman ga Inna.

Rumfa ta iso da takardarka mai maganar man shanu. Da na kwance ta a garaji mutanen bariki suka taru, har matar tafinta ta zo ta shafa. Ja wur, ɗinki kamar ba hannu ya yi ba. Na ɗora ta, ta naɗu ta buɗu ba gardama. A ƙarƙashinta da tsakar rana sanyi ne, ƙyallen Faransa bai taɓa yin haka ba. Rabon da in yi barci irin na ranar tun watan Safar.

Sai dai, malam gwani, awonka ya zarce. Ta saki a tsakiya, ta yi tumbi. Da na fita gwaji da Kumandan iska ta shiga ƙarƙashinta tana bugawa fat fat, har ta taɓa masa hula. Ya sauka ransa a ɓace. Tafinta ya ce Madam ba za ta iya jin wannan bugun har Yamai ba, a gyara kafin jibi, don jibi za a tashi. An yi yayyafi a Tibiri, ba sauran jira.

Kada ka damu, wannan kam aikin gidanmu ne. Tun ina yaro nake ganin Baba yana yi wa ganga in ta saki. Yau zan ciro ta in tsoma a kwamin shayar da dawaki ta kwana, gobe da sassafe in ɗora ta da danshinta, in ja ta sosai in maƙale, in fito da motar rana. Kafin la'asar za ka iya kiɗa a kanta. Ka ga ashe ɗan makaɗi ma yana da ranarsa.

Tukur bai zauna ba, an karɓe jakansa a hanyar Kieshe don dakon geron bariki, ya koma bin sawunsu. Wannan wani mai kanwa zai kawo maka. Ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, an gama.

Illo

Dogon Dutsi, daga kaso

Sha'ibu, ina gaishe ka. Lafiyar jiki ina da ita, ba a dake ni da yawa ba. Malam Abdussalam yana tsugune a bakin ƙofa yana rubutawa, gardin da ke tsaro ɗan Gesheme ne, ya juya mana baya.

Na yi yadda na ce. Da safe ta hau lafiya, na ja ta har na sa ƙafa na dafe, na maƙale ta a jikin madubi. Da hantsi tumbin ya ɓace, ta miƙe sumul, na buga ta da yatsa ta amsa. Na kira kuku ya zo ya gani, muna dariya. Na tafi in ci abinci. Ina cikin wanke hannu na ji ƙara kamar an harba bindiga.

Madubin gaba ya tsage gida biyu, sa'an nan ya zube a kan kujera. Ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwaso baya. Haƙarƙari biyu sun karye, sauran sun karkace. Ita kuwa fatar ko ɗinki ɗaya bai saki ba. Na tsaya ina kallonta, tana ta ƙara ja a gabana, ina jin ƙarfe yana kuka, na rasa ko wuƙar da zan yanke ta.

Babu madubin mota daga nan har Yamai. An ɗora Madam a gaban kamyon gero, an shimfiɗa mata katifa, tana kuka, Kumandan yana riƙe da laima. Ban san yadda suka isa ba. Kafin su tashi ya ce a rufe ni.

Takardarka ta iso washegari. Ta kwana biyu a Kieshe a hannun mai shago, ana jiran Tukur. Malam ya karanta mini ita ta kafar ƙofa. Da ya kai inda Inna ta ce ɗan makaɗi ne, sai na ce ya maimaita. Tana Gesheme ba ta gani, ta san abin da hannuna zai yi. Kada ka ɗora wa kanka, Sha'ibu. Ka yi aikinka, na yi na gidanmu, ba wanda ya yi ganganci.

Kumandan ya dawo shekaranjiya. An ce ya daɗe a garaji yana juya fatar, yana bin ɗinkin da yatsa. Ya sa aka tambaye ni wa ya yi. Na ce wani baƙo ne mai wucewa, saboda maganar fatun da aka ɓoye. Amma tafinta ya san Tukur, ya san inda Tukur ke zuwa. In ka ga gardi a ƙofarka, ban faɗa ba, Allah ne shaida.

Ayarin zai tashi ran Asabar, ina ciki. An aske mana kai jiya. Dattijon nan da ya ɗaga mini hannu yana nan, ya matsa mini wuri kusa da shi.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ba mutuwar ce ta fi damuna ba, awakin ne. Ta yanka su a banza.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka gaya mata. Ka ce rumfa ta yi kyau, Kumandan ya ji daɗi, ya bar ni a Yamai ina tuƙa manya, sai bayan damina. Bayan damina ka ce sai kaka. Ba ta da shekaru da yawa a gaba, ka taya ni mu kai ta a haka. Kubra ta san abin da za ta faɗa.

Ka yafe mini takardar nan ta biyu.
Illo

Dogon Dutsi, farkon damina

Daga Sha'ibu zuwa ga ɗan'uwana Illo, duk inda yake a hanyar arewa.

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa kana da lafiya, ya sa akwai ruwa inda kuke. Kubra lafiya, Zalihatu da yara lafiya. Ka ga daga inda nake rubutowa.

Gardi ya zo, kamar yadda ka ce. Na yi sallama da Zalihatu ina zaton kaso za a kai ni. Ashe aiki ne. Kumandan ya ce tun da babu abin da ke zuwa daga Faransa, yana son baduku a bariki, ga sirdi, ga ɗamarar gardi, ga kujerun mota. Ba a tambayi inda fatun suka fito ba. Maƙeri ya miƙe haƙarƙarin, na farke bakin rumfar na cire kirin, na mayar da ita. Ta zauna daidai. Motar tana yawo yanzu ba madubi, wani Bazabarme ne ke tuƙa ta da tabarau. Madam ta haifi ɗa namiji a Yamai, an harba bindiga a bariki.

Na roƙi tafinta ya gaya wa Kumandan laifin nawa ne, ni na sa kiri ban faɗa ba, a maido ka a kai ni. Ya ce ba zai fassara wannan ba, shofer ana samu, baduku ne babu. An ce in kwaso iyalina, an ba ni ɗakin da ke jikin naka. Ina cin abincin bariki, Illo.

Ba yadda zan bar Gwaggo ita kaɗai a Gesheme. Na gaya mata abin da ka ce, kalma da kalma. Ta yi murna, ta ce ashe awakinta sun yi rana. A kan jaki muka kawo ta, duk hanya tana ba yara labarin Yamai, garin da ba ta taɓa zuwa ba. Kubra ta tarbe ta da fara'a, ta yi ƙoƙari, yarinyar nan ta yi ƙoƙari ƙwarai.

Jiya da la'asar Gwaggo ta ce a kai ta ɗakinka ta sa albarka. Kubra ta riƙe mata hannu. Ta bi bango tana shafawa, ta taɓa tabarmarka, ta taɓa butarka. Da ta sunkuya bayan ƙofa sai hannunta ya faɗa kan takalmanka na aiki, waɗanda aka cire maka ranar da aka rufe ka. Babu wanda ya tuna ya ɓoye su. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta sa hannu a ciki, ta daɗe.

Ta ce: "Mutum ba shi zuwa Yamai tuƙin manya shi bar takalmanai."

Na buɗe baki in ƙara wata ƙaryar, ta ɗaga mini hannu. Ta ce a nuna mata inda arewa take. Kubra ta fito da ita ƙofar gida ta juya ta, ta sake ta, ta koma ciki da gudu.

Kai ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, ko a bayan idonka, ko ranar da ka faɗa rijiya muna yara. Jiya ta tsaya a ƙofar gida cikin bariki, ga gardi, ga matan ma'aikata, ga masu wucewa, ta kira shi da ƙarfi. Ta saurara. Ta sake kira. Haka ta yi ta yi har muryarta ta dushe, ba wanda ya iya zuwa ya kama ta.

Ban cika maka alkawari ba, ka yafe mini. Akwai kamyo mai kai gero Tawa gobe, zan ba shofer ɗin takardar nan, ya ce zai tambaya amma bai yi mini alkawarin komai ba. Ban san ko akwai mai karatu a inda kuke ba. In ta same ka, ka sani uwarka ta kira ka da sunanka.

Sha'ibu